Malam Nu'uman da Lambar Mai Kafe

Akwai wani matashin malami a wata kwalejin horar da malamai da ke Yola, ana ce masa Malam Nu'uman. Ɗan cikin gari ne, jikan malaman zaure, amma shi Allah ya buɗa masa kai ne a kan kwamfuta. Ya yi shekara biyu a ƙasar waje yana ƙaro karatu, ya dawo da jakar goyo da farin gilashi, da wata irin tafiya kamar mai tsoron ƙasa ta ɓata masa takalmi.

Kada ku ɗauka mugu ne, a'a. Yana son ɗalibai har cikin ransa. Matsalarsa ɗaya ce: in yana magana ba ya jin ta kowa, in kuma wani ne ke magana, jira kawai yake a gama ya ci gaba da tasa.

Abin da ya tarar a kwalejin kuwa ya isa ya tayar wa mutum hankali. Kowace shekara a ɗauki ɗalibai aji ya cika maƙil, kafin a kai jarrabawa kashi ɗaya cikin huɗu sun ɓace. Babu sallama, babu takarda, sai dai a ga benci ya yi sarari. Da yawansu 'ya'yan mutanen da rikicin Boko Haram ya koro ne daga Mubi da Michika da Madagali, suka girma a gefen gari, suka sha wuya kafin su kawo kwaleji. Ga shi sun kawo, kuma suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ai aikin na'ura ne!" in ji Malam Nu'uman a taron malamai. "Ku ba ni zango ɗaya kawai, ku ga abin mamaki."

Shugaban kwalejin, Dakta Abdulhakeem, mutum ne mai son ci gaba. Ya ce a ba shi.

Jama'a, ku zo ku ga aiki! Cikin sati uku babban ɗakin lacca ya canza kamanni. A bakin ƙofa aka kafa 'yar na'urar dangwala yatsa, duk wanda ya shiga ta rubuta shi, an huta da ɗalibi ya sa wa abokinsa hannu. A ciki aka rataye majigi, aka sa wa tagogi baƙaƙen labule don hoto ya fito sosai. Malam Nu'uman kan sa a kashe fitilu, ya koma can bayan aji da kwamfutarsa, muryarsa na fitowa daga duhu, bango kuma na nuna abubuwa.

Ranar farko da kogin Binuwai ya bayyana a jikin bango, har da gadar Jimeta da kwale-kwalen masunta, sai ɗalibai suka ɓarke da tafi da ihu. Malam Nu'uman ya ji kamar ya tashi sama. Ba a yi wata ba, sauran malamai biyu da ke koyar da darussan dole a ɗakin su ma suka koma majigi da labule, don kada a ce sun tsufa.

Amma abin da ya fi alfahari da shi shi ne saƙon waya. Duk ɗalibin da ya yi fashin sati guda, kwamfuta da kanta za ta aika masa saƙo. Saƙon da Turanci ne, mai laushi. Yana farawa da "Dear", sai sunan ɗalibi, sai ya ce: mun yi kewarka, ka dawo. In ya sake fashi, ta aika na biyu. In aka kai na uku bai amsa ba, a ɗauka ya bar makaranta da kansa, a soke sunansa. Wannan doka ma shi ya kawo ta, kwamitin karatu ya amince.

Mutum ɗaya ce ba ta yi tafi ba. Mama Keturah ke nan, sakatariyar sashensu, 'yar Numan, wadda ta yi shekara ashirin da takwas a kan tebur ɗaya. Ita ce ta san wane ɗan wane ne, da wanda ke tahowa a ƙasa daga Yolde Pate, da wadda ke barin jariri wurin maƙwabta.

"Malam," ta ce masa wata safiya tana jera takardu, "lambobin nan da kake tura wa saƙo, a ina ka samo su?"

"A fom ɗin rajistarsu mana, Mama. Su suka cika da hannunsu."

"Da hannunsu, ko? To. Ni dai da za ka kira ko guda biyar ka ji wa zai ɗauka."

Ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya ce a da an fi jin daɗi.

"Mama, zamanin bin mutum ɗaya-ɗaya ya wuce. Kwamfuta tana nuna min kowane saƙo ya isa. Alamar ta yi kore shar! Ba ta ƙarya."

"Ban ce tana ƙarya ba, ɗana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Bai ma ji ƙarshen maganar ba, ya riga ya kai ƙofa.

Sati takwas suka wuce. Kwamfuta ta fitar da sunaye sittin da huɗu, kowannensu an aika masa saƙo uku, babu wanda ya ce uffan. Abin ya ba Malam Nu'uman haushi ƙwarai. Ka lallashi mutum sau uku da "mun yi kewarka", ya share ka? Ya buga sunayen a takarda, ya sa hannu. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna a soke su. A wannan zaman ne kuma za a yaba masa, a ce kowane sashe na kwalejin ya ɗauki tsarinsa. Har sabon kaftani ya ɗinka.

Ranar Laraba da hantsi yana ofis, sai ya ji hayaniya wajen teburin Mama Keturah. Wani ƙaton mutum ne ya shigo yana share gumi, waya a hannu, yana ɗaga ta sama kamar ya kamo ɓarawo.

"Ina Malam Nu'uman ɗin? Abeg, a nuna min shi!"

"Ga ni. Lafiya?"

"Ina fa lafiya, Oga! Sunana Nicodemus, ni ne mai kafen intanet na bakin shataletale a Jimeta, inda yaranku suke yin rajista. Kai ne kake turo min saƙo?"

"Kai ɗalibi ne?"

"Ɗalibi? Ni da jikoki biyu? Oga, duba nan. Dear Nancy, mun yi kewarki. Dear wance, mun yi kewarki. Dear Hadassah, ki dawo. Matana ya ɗauki waya ya gani, wallahi kwana huɗu bai ba ni abinci ba! Ya ce wace ce Nancy? Na ce ban san shi ba. Ya ce to wace ce Hadassah? Har fasto aka kira, Oga, har fasto!"

Mama Keturah ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Malam Nu'uman ya karɓi wayar. Ya ja sama, ya ja, ya ja, saƙonni ba su ƙare ba. Nasa ne, kalma da kalma.

"Ya aka yi suka zo wayarka?"

"To ai lambana ne a fom ɗinsu. Lokacin rajista layi yana kaiwa har titi. Wani ba shi da waya, wani na babansa ne yana ƙauye, wani ya manta lamba. In na tsaya jira, network zai tafi. Sai in sa nawa, lambar sirri ya shigo nan take, in gama musu, na gaba ya zo. Duk masu kafe haka muke yi, na so we dey do am. Da na ɗauka 'yan damfara ne. Sai jiya na ga an ce ranar Alhamis za a cire sunan yara, an sa sunanka da ofis. Na ce kai, wannan ba wasa ba ne, na rufe shago na taho."

Malam Nu'uman ya buɗe kwamfuta ya jera lambobin. Cikin sittin da huɗu, arba'in da bakwai lamba ɗaya ce, ta Nicodemus. Sauran sha bakwai kuma sun rabu tsakanin wasu lambobi biyu, ba sai an faɗa masa na wasu masu kafe ne ba. Ashe duk saƙonnin da ya yi ta alfahari da su, ko ɗaya bai taɓa isa hannun ɗalibi ba.

Nicodemus ya yi sallama ya tafi. Nan fa Shaiɗan ya matso kusa. Wa ya sani ban da shi da Mama Keturah? A bar kaza cikin gashinta mana, gobe a yi taro lafiya, daga baya ya gyara lambobi a ɓoye.

"Mama," ya ce yana kallon ƙasa, "ko saƙo bai je ba, ai yatsa bai yi ƙarya ba. Ba su zo aji ba. Wanda yake son karatu ba sai an aika masa saƙo ba."

"Haka ne," in ji ta. "Wa ya fi kowa fashi a takardar?"

Ya duba. "Hadassah Zadok. Sati shida ba ta dangwala ba."

"Na san gidansu, a Yolde Pate. Tashi mu je. In malalaciya ce, gobe ni da kaina zan kai takardar gaban kwamiti."

Ya tashi, amma don ya nuna mata gaskiyarsa ne ya tashi.

Keke Napep ya sauke su inda kwalta ta ƙare, suka taka da ƙafa. Gidan ɗaki biyu ne, da katangar zana, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. A ƙarƙashinta wata budurwa na zaune a kan tabarma, ta ba ƙofa baya, ta duƙufa tana rubutu.

Malam Nu'uman ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi da ƙarfi. Ko motsi ba ta yi ba. Ya juya ya kalli Mama Keturah, irin kallon nan na kin gani ko.

Sai wata mata ta fito daga madafa tana goge hannu a zani. "Maraba, maraba! A'a, Mama Keturah ce? Ku shigo." Ta wuce wurin budurwar, ta taɓa mata kafaɗa. Yarinyar ta juyo a firgice. Da idonta ya sauka a kan Malam Nu'uman, sai fuskarta ta canza, ta miƙe ta rusuna.

"Ina wuni, Malam."

Ya lura ba idonsa take kallo ba, bakinsa take kallo.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Matar, wadda ita ce uwar Hadassah, ta zauna, ta yi bayani ba tare da an tambaye ta ba, kamar wadda ta daɗe tana jiran mai tambaya.

"Malam, kada ka ga kamar ya raina ka, bai ji sallama ba ne. Ranar da aka shiga garinmu, Hadassah yana shekara tara. Muna gudu wani abu ya fashe kusa da mu. Allah ya bar mana ransa, amma kunnen dama ya mutu, na hagu kuma kaɗan-kaɗan. Kwana uku muka yi a daji kafin mu samu mota zuwa Yola. Tun daga nan da ido yake ji. In kana magana yana kallon bakinka, zai gane komai. Haka ya gama firamare, haka ya gama sakandare, kullum benci na gaba."

Malam Nu'uman ya tuna ajinsa. Baƙin labule. Fitilu a kashe. Malami a bayan aji.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" ya tambaye ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Malam?"

Mama Keturah ta zungure shi. "Ɗaga kai ka kalle ta."

Ya ɗaga kai ya maimaita.

"Na so in faɗa," in ji Hadassah. "Sati biyu ina zuwa ina kallon bango, ban san abin da ake cewa ba. Na ce zan jure. Sai ranar nan na ga mutane suna juyowa suna kallona suna dariya. Ban san dalili ba. Bayan an tashi na tambayi ƙawata Yusrah, ta ƙi faɗa, na matsa mata. Ta ce kai ne ka yi min tambaya daga baya sau uku ban amsa ba, sai ka ce, 'Ke kurma ce?'"

Ta dube shi.

"To, Malam, kurma ce. Shi ya sa na zauna a gida."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Malam Nu'uman ya shige. Ya tuna ranar sarai. Ya ma tuna yadda ya ji daɗin dariyar, ya ɗauka ya iya raha.

Idonsa ya kai kan tabarmar da take rubutu. Littattafai ne guda uku, cike da rubutu mai tsabta. Darussansa ne. Kullum Yusrah na ɗaukar hoton littafinta ta turo mata a waya, ita kuma tana kwafa da hannu. Har darasin jiya Talata yana ciki. Wannan ce kwamfutarsa ta sa a sahun farko na waɗanda ba sa son karatu.

"Ki yafe min," ya ce. "Ki dawo. Zan gyara komai."

"Ka ji, Malam ya ba da haƙuri," in ji uwar tana taɓa ta.

Hadassah ta girgiza kai a hankali. "Na yafe, Malam. Amma a gaban mutum ɗari uku aka yi dariyar."

"A gabansu zan ba ki haƙuri."

"Zan yi tunani," ta ce, ta sunkuyar da kai. Da ta sunkuya kuwa magana ta ƙare, don ba ta ganin bakin kowa.

Ranar Alhamis bai sa sabon kaftanin ba. Da aka zo kan takardarsa, Dakta Abdulhakeem ya fara da yabo, har ya ce matasa irin wannan ne za su ɗaga jihar. Malam Nu'uman ya miƙe kafin a fara tafi.

"Ranka ya daɗe, a dakata da yabon. Ina roƙon kada a soke suna ko ɗaya. Laifin nawa ne."

Ya faɗi komai, daga wayar mai kafe har zuwa baƙin labule, har kalmar da ya jefi yarinyar mutane da ita. Bai rage ko ɗaya ba. Wasu suka yi dariyar matar Nicodemus har da riƙe ciki. Wani tsohon malami da ya daɗe yana jin haushinsa ya ce, "To, ga Bature ya dawo gida." Malam Nu'uman ya shanye.

Shugaba bai yi dariya ba.

"Da mai kafen nan bai rufe shagonsa ya zo ba, da yau na sa hannu na kori yara sittin da huɗu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ka san haka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Na ba ka sati biyu. Wanda ya dawo aji cikin sati biyun nan zai zauna jarrabawa. Wanda bai dawo ba, doka ce, kuma kai ka kawo ta."

To, a nan ne fa aka ga aiki na gaskiya! Malam Nu'uman ya ɗauko kujera ya ajiye a gefen teburin Mama Keturah, ya zama ɗalibinta. Ita ke faɗin wa ya san wa, shi yana rubutawa. Suka tara shugabannin aji, aka bi benci-benci ana karɓar lambar kowa, a kira ta nan take a ji ta yi ƙara a aljihunsa kafin a wuce. Waɗanda ba sa nan, abokansu suka bazu nemansu, wasu Girei, wasu Nassarawo, wasu har Fufore. Shi kansa Nicodemus ya manna sanarwa a ƙofar kafe, duk ɗalibin da ya leƙo sai ya ce, "Abeg je ka cire lambana, ka cece aurena!"

Saƙon ma ya canza. Aka bar dogon Turanci, aka koma muryar mutum, da Hausa, wani da Fulatanci: "Wane, Malam Nu'uman ne. Ban gan ka ba. Me ya faru?" Sai ga amsoshi na shigowa kamar ruwan Agusta. Wannan ya tafi girbin wake ne da mahaifinsa. Waccan ta haihu. Wancan yatsunsa sun goge saboda aikin bulo, na'ura ta daina gane shi, alhali kullum yana cikin aji!

Kowane darasi yanzu ana ɗaukar muryarsa, a buga shi a rubuce kuma, a tura zauren WhatsApp na aji tun kwana ɗaya kafin lacca. Mai gona ya saurara a gona, mai jego ta karanta a ɗaki. Majigi yana nan bai je ko'ina ba, amma an yaye labulen gaba, Malam ya dawo gaban aji ya tsaya inda haske ke dukan fuskarsa. Abin mamaki, har masu kunne biyu suka ce yanzu sun fi ganewa.

Kullum benci na ƙara cika. Duk wanda ya dawo, sai aji ya ɗauki tafi kamar an ci ƙwallo. Goma, ashirin da biyar, arba'in. Ba duka aka samu ba. Wani ya riga ya tafi Legas yana acaba, ya turo murya ya ce, "Malam, da tun watan jiya aka kira ni." Wannan saƙon Malam Nu'uman ya saurare shi ya fi sau biyar, bai goge shi ba.

Ana saura kwana ɗaya, mutum hamsin sun dawo. Amma wurin da ya keɓe a bencin gaba, daidai inda yake tsayawa, babu kowa. Kullum yana tura wa Hadassah darasi a rubuce, kullum waya na nuna masa ta karanta, ba ta taɓa amsawa ba. Hamsin ɗin nan duk ba su cika masa ido ba.

Ranar ƙarshe ya shiga aji ƙarfe tara. Ya kalli bencin, wayam. Ya buɗe kwamfuta, ya rufe. Ya gyara makirufo da ba ta lalace ba. Ƙarfe tara da kwata, ya haƙura zai fara ke nan, sai na'urar bakin ƙofa ta yi ƙara.

Yusrah ce a gaba, tana riƙe da hannun Hadassah.

Aji zai fara tafi, ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya jira har ta zauna. Sannan ya matso cikin haske, ya cire gilashinsa. Maganar ta zubo a guje kamar an kore ta. Ya ce sati takwas da suka wuce ya ci mutuncin wannan ɗaliba a ɗakin nan, ya sa an yi mata dariya a kan abin da Allah ya jarrabe ta da shi, alhali ta fi shi himma. Ya ce shi ne bai ji ba, ba ita ba. Ya ce yana neman gafararta a gaban kowa.

Ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka ya sauke nauyi.

Sai Hadassah ta ɗaga hannu.

"Malam, kana sauri, kuma kana kallon ƙasa. Ban samu ba. Ka maimaita."

 Mutum ɗari uku suna kallonsa. Malam Nu'uman, wanda a da ba ya yarda ya yi kuskure ko sau ɗaya, ya ɗaga kai, ya kalle ta, ya sake faɗa daga farko, kalma bayan kalma, a hankali. Kafin ya kai ƙarshe muryarsa ta karye, hawaye na bin gemunsa, bai share ba don kada hannu ya rufe masa baki.

Ta bi leɓɓansa har ya gama. Sannan ta gyaɗa kai.

"Yanzu na ji," ta ce. Ta buɗe littafinta, ta cire murfin biro. "Mu ci gaba, Malam. Jiya a shafi na sha biyu ka tsaya."

Darasi: Na'ura baiwa ce daga Allah, kuma makarantunmu na buƙatarta, amma tana ƙirga wanda bai zo ba ne kawai, ba ta san abin da ya hana shi zuwa ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka tabbata saƙonka ya isa gare shi, ka taka ka je ka tambaye shi. Kada ilminka ya hana ka sauraron wanda ya riga ka sanin mutane, kuma in ka yi kuskure a bainar jama'a, ka gyara shi a bainar jama'a. Ku tura wa duk malamin da kuka sani da duk ɗalibin da ya fara ja da baya, wataƙila wani na can zaune a gida yana jiran a tambaye shi me ya faru.